Sunan da Aka Kankare

Shekara tara Horia ya yi yana shimfiɗa tayil a gidajen Italiya. Da ya dawo garinsu a Romaniya, ya tarar silima ta koma shagon gwanjo, an sare itatuwan bakin tasha, masana'antar takalma kuma tantabaru sun gaje ta. Gini ɗaya ne ya sami sabon fenti: Zauren Magina, matattarar 'yan ƙungiyar asiri ta Firimason.

Wai magina. Likitan haƙori ne da lauyoyi biyu da dillalin tsofaffin motoci, duk cikinsu ba wanda ya taɓa ɗaga bulo. Su ɗaura 'yar farar fata a ƙugu, su gaisa da matsa yatsa, su kira juna ɗan'uwa har zuwa bakin ƙofa.

Bana zauren ke cika shekara ɗari. A bango akwai allon dutse mai sunayen 'yan zauren na da su goma sha biyu, an kankare ɗaya. Sunan Iordache ne, kakan Horia. A 1948 gwamnati ta rufe zauren, ta kwashe sha ɗaya, ta bar shi. Gari ya ce shi ya tona musu asiri. Shekara talatin ya ƙara a duniya ba mai amsa gaisuwarsa. Mutum huɗu suka raka gawarsa.

Horia ya ƙudurta sai an mayar da sunan kafin biki.

Takardun zauren sun ƙone tun tuni. Littafin tarihin da za su ƙaddamar kaf daga rahotannin ɗan leƙen asirin da ya riƙa kai wa gwamnati labarin zauren aka kwafo shi, bayan an buɗe ma'ajiyar gwamnati. Suna tsine wa marubucin, suna cin abincin rubutunsa.

Likita Pandele, shugabansu, ya turo wa Horia kwafin rahotannin.

"Karanta, samari. Kakanka maci amana ne, amma a gaskiya ya iya rubutu."

Rubutu ne mai tsabta, ya kwanta hagu, kowane kwanan wata an ja masa layi biyu a ƙasa. Wa ya zagi gwamnati. Wa ya ɓoye wa. Wa ya ci naɗin kabeji bakwai a liyafar bayan taro, ya dawo yana kushe gishiri. Sunan Iordache bai fito ko sau ɗaya ba.

"Ka gani ko?" in ji Pandele. "Wa zai tsallake sunan mutum in ba shi kansa ba?"

"Ranka ya daɗe, a gwada da rubutunsa mana."

"Kawo."

A gida babu ko ƙyallen takarda mai rubutun kakan. Kakarsa Veta, matar marigayin, tana gasa yalo a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba.

"Shi ya ƙone su da hannunsa kafin ya mutu. Ka bar tonon nan, ja'iri, ka zo ka ɓare min tattasai."

"Kaka, ke kika riƙa dafa wa maginan abinci fa. Ba ki ji komai ba?"

"Ni? A gabana suke zubawa kamar a gaban kujera. Wa ke tsoron 'yar wanke-wanken da ko sa hannu sai ta dangwala yatsa?"

Mako uku yana yawon neman rubutun kakan. Coci, makaranta, ofishin filaye. Ko'ina ƙura da ɗaga kafaɗa. Ranar biki magina suka fito da ƙirji a gaba, likita ya yi jawabi kan amana har ya share hawaye. Ramin da ke allon yana nan.

Washegari Horia ya yanko tikitin komawa Italiya, ya buɗe jaka a kan gado. Veta ta tsaya a ƙofa.

"Ka haƙura da shi ke nan?"

"Kaka, na gaji. Wataƙila gaskiya suka faɗa."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta shiga kicin, ta daɗe. Da ta fito ta ajiye kwalbar miyar yalo a kan rigunansa.

"Ko da wasa kada ka sake faɗin haka a gidan nan. Da ba a bar shi ba, da babu uwarka, balle kai."

Horia ya ɗauki kwalbar zai naɗe ta da tawul. Takardar jikinta ta shafa masa tawada a yatsa, ba ta ko bushe ba: sunansa ne da kwanan watan yau, rubutun ya kwanta hagu, an ja masa layi biyu a ƙasa.