Injin da Ya Ƙi Tashi

Tun da aka kafa dokar hana aikin tilas, injin yankan itace ba ya tashi sai ya tambayi mai riƙe da shi ko da yardarsa yake aiki.

Sallau yana saman darbejiyar da reshenta ke shirin faɗa wa ajin yara, zazzaɓi na kaɗa shi. Ya ce, "E, da yardata." Injin ya ƙi tashi.

Daga ƙasa maigidansa, Alhaji Haladu, ya daka tsawa: "Kai, saki muryarka mana! Wa ya tilasta ka? Ni?"

"A'a, Alhaji."

Sallau ya maimaita wa injin amsarsa, har da murmushi. Injin dai bai tashi ba.

Alhaji ya ja tsaki, ya waiga, babu kowa. Ya ɗauko gatari a mota, ya ɗaura a igiya.

"Jawo wannan. Shi ba ya tambaya."