Matashin Baba

Ina da shekara bakwai ko takwas, Allah ne masani, lokacin da kuɗin cizo suka fi ƙarfinmu a ɗakin hayarmu na Gashuwa. Baba masunci ne, ya rasu, Inna tana cikin takaba. Abin da ya bari mai ƙamshin jikinsa ɗaya ne, matashin kansa.

To, cikin matashin nan suka yi gida. Inna ta shanya shi a rana, ta sake shanyawa, ta bi ɗinkin da ruwan zafi, duk a banza. Jikin ƙanena ya yi ruɗu-ruɗu, yana susa har jini.

Ran nan bayan azahar, maƙwabciyarmu Ya Falmata ta ɗaga rigar yaron, ta dubi bayansa, ta ce, "Haba 'yar'uwa! Mai matashi ya tafi. Wannan kuwa da ransa."

Inna ta tashi. Ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗauko matashin ta rungume, ta daɗe a tsaye. Sannan ta miƙo mini.

"Zo, 'yata. Sansana Babanki sau ɗaya, ki riƙe da kyau."

Na cusa fuskata ciki, na ji hayaƙin banda da gumi da ruwan kogi. Kuɗin cizo ɗaya yana tafiya a kumatuna, ban ture shi ba. Ta karɓa, ta sa a wuta.

Na riƙe, wallahi na riƙe, har furfura. Bana ne na lalubi ƙamshin nan a raina, na rasa.