Attajirin da Aka Hana Kujera

"Baba, nan wurin manya ne," in ji ɗan sandan, ya gitta sandarsa a ƙofar rumfa. "Koma cikin jama'a."

Tsohon bai yi musu ba, ya gyara farar hularsa ya juya. Safiyar bikin 'yancin Guyana ce, filin garin New Amsterdam ya cika maƙil. Waɗanda suka hakimce a rumfar kuwa, bai ga ƙeyar ko ɗayansu ba a lokacin wuya.

Shekarar da masu saran rake suka yi wa Turawan gandu yajin aiki, shi ya tara 'yan kasuwa a harabar masallaci, ya sa suka buɗe wa masu yajin rumbunan shinkafa ba tare da tambayar addinin kowa ba. Turawa suka ɗaure shi, ya fito ya tarar shagonsa ya zama toka.

"Kai, ɗan nan!" wata tsohuwa mai saran rake ta daka wa ɗan sandan tsawa. "Da shinkafarsa uwarka ta yaye ka, yau shi kake kora? Jama'a, ga Haji!"

Kafin tsohon ya ce uffan, ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Majiya ƙarfi, 'yan Hindu da Kiristoci, suka saɓa shi a kafaɗa, makaɗa suka bar gaban rumfa suka biyo shi, hawaye na gangara cikin gemunsa.

Manyan baƙi suka kasa hango wanda ake wa wannan sowa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe don su leƙa, har rumfar nan kaf ta tsaya masa.