Motar Gida Bakwai

"Ina motar?" Don Evaristo ya daka tsawa, furannin da zai kai kasuwa na yaushi a rana.

Gida bakwai ke da motar nan a unguwarmu da ke birnin Medellín, kowa da ranarsa. Yau Alhamis, ranar Don Evaristo ce.

Mai shagon da muke ajiye makulli a wurinta ta ce, "Wilmer ya fizgi makulli ya fita a guje."

"Ɗan banzan nan kuma? Yau zai gane kurensa!"

Na ce, "Mutumina, sauri kan haifi nawa. Kira shi tukuna."

Ina! Ya kira 'yan sanda, ya ce an sace.

Can sai wayarsa ta yi ƙara. Wilmer ne, yana haki.

"'Yan sanda sun tare mu a gada, sun ƙwace makulli! Don Evaristo, 'yarka Yesenia ce a baya, naƙuda take, kan yaro har ya leƙo!"