Gyaran da Ya Tsaya a Bakin Shago

Tunda ka ce sana'ar haɗa na'urori za ka shiga, zauna ka ji wannan tukuna.

An yi wata mata, malamar lissafi, da ta koyi rubuta manhaja, wato umarnin da ake zuba wa na'ura ta bi. Da yake a gidan kiwon kaji ta tashi, sai ta rubuta wadda ke kula da injin ƙyanƙyasa: ta auna ɗumi, ta juya ƙwai, ta rage wuta idan zafi ya yi yawa. Ba ta sayar ba. Ta shimfiɗa ta a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka, ya karanta, ya ƙara abin da ya iya. Wata rana wani makiyayi daga Maraɗi ya aiko mata cewa idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita a fizge, manhajar kan ruɗe, ta manta inda take, ta yi ta hura zafi ba tsayawa. Ta bi rubutunta layi-layi har ta ga ɓarakar, kuma hannunta ne ya yi ta. Gabanta ya faɗi, don bazara ta kawo kai, lokacin da wuta ba ta zama. Ta gyara, amma ba ta yarda da gyaran ba sai da ta sayo ƙwai ta jera, tana zare waya daga bango tana mayarwa har yatsunta suka yi kanta. Ta aika wa abokan aikinta, ɗaya a sanyin Jos, ɗaya a zafin Agadas, su ma suka gwada. Sannan ta rubuta bayanin abin da ya canza, ta sa kuskurenta a sahun gaba ba ta ɓoye shi a ƙasa ba, ta ba sabon zubin sabuwar lamba, ta sake shi, ta bi duk wanda ta sani da saƙo cewa ya sabunta.

To, akwai wani mai shago a birni da ke ƙera injunan, yana zuba manhajarta a ciki. Ya kankare sunanta da na abokanta ya liƙa nasa, yana gaya wa masu saye cewa kansa ne ya haife ta. Ta daɗe da sanin haka, ta kawar da kai. Amma ta ji cewa ya sayar wa wata ƙungiyar mata a ƙauye, don haka da saƙon da ta aika masa ya ƙi samun amsa, ta taka har shagon da gyaran a hannunta. Ta gaya masa ba suna ta zo nema ba, ya bar nasa in yana so, ya dai zuba gyaran kafin zafi ya shigo. Ko kujera bai ba ta ba. Ya ce, "Malama, injina lafiyarsa ƙalau. In na ce su dawo da shi yana da ciwo, gobe wa zai saya?" Ta roƙe shi ya faɗa mata sunan ƙauyen ta je da kanta, ya ce wannan sirrin kasuwa ne. Ta fito idonta ya kaɗa, tana jin kamar ta kife teburin nasa. Ta yi ta cigiya wajen 'yan kaji da malaman gona, ba ta dace ba.

Bazara ta zo. Matan nan sun tara ƙwan kajinsu da na zabinsu, wasu sun hana 'ya'yansu ci don a cika injin. Ana gab da ƙyanƙyasa wuta ta ɗauke ta dawo. Da safe wari ne ya tarye su tun daga zaure. Suka fasa ɗaya suka ga ɗan tsako da gashinsa da bakinsa, ya dahu a cikin ɓawo. Haka na biyu, haka sauran. Da suka kai kuka wurin mai shago, sai ya ce ƙauyanci ne ya ci su, ba su iya riƙe kayan zamani ba. Suka koma gida suna zargin juna, har aka ƙwace mabuɗin ɗakin injin daga hannun wadda ke tsaronsa, aka daina gaishe ta a wajen biki.

Wani malamin dabbobi ne ya ga injin ya gane aikin malamar ne, ya kira ta. Ta zo a bayan babur, ta zuba gyaran kafin ruwan da aka ɗora mata ya tafasa. Ta tara matan ta faɗa musu cewa kuskuren farko nata ne, babu laifin kowa a cikinsu, a mayar wa baiwar Allah mabuɗinta. Wata tsohuwa ta tambaye ta tun yaushe wannan magani yake. Ta ce tun kafin su zuba ƙwan. Tsohuwar ta ce, "Kuma nawa ake sayar da shi, 'yar nan?" Ta ce, "Kyauta ne, Inna." Tsohuwar ta juya ta dubi ramin da suka binne ƙwan a bayan danga, ta riƙe haɓa.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi ke nan idan suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana.