Agogon da Bai Taɓa Ƙarya Ba

Tunda kai ba a gaya maka magana ka ji, zauna in ba ka misalin wani mai gyaran agogo da aka yi a bakin kasuwar Funtuwa. Mutumin nan ya san aikinsa, ba zan rage masa komai ba. Ladanin unguwarsu ma da agogon hannunsa yake saita nasa. Ana nan sai ciwon zuciya ya kwantar da matarsa, ɗansu ya kai ta asibiti a Indiya. Likitoci suka sa ranar aiki. Ita kuma ta aiko masa da saƙo ɗaya tak: ya zo su yafi juna kafin a shiga da ita, ido da ido, ba ta waya ba, don zaman aure mai tsawo ba ya rasa saɓani. Biza ba ta fito ba sai da ranar ta matso. Bawan Allah da ko Legas bai taɓa zuwa ba, sai ga shi a jirgin sama daga Kano, zai sauka a wani birnin Larabawa ya canza wani jirgin.

Tun daga ƙofa mamaki ya kama shi. Ya ga wasu kujeru shirim-shirim, har ya tattare babbar riga zai zauna, aka ce masa gaba dai, Baba. Aka yi ta turawa da shi har bayan labule, can ƙurya kusa da banɗaki, inda aka jera mutane kamar buhunan masara a bayan tirela. Ashe sama ma akwai 'yan gaba da 'yan baya! Kujerar tsakiya ce tasa. Gwiwoyinsa suka tokare ta gaba, na gaban kuma ya kwantar da ita har ta kusa taɓa masa gemu. Aka kawo shinkafa a ɗan kwanon roba, ya ɗauka ɗanɗano ne, ya zauna jiran abincin, shiru kake ji. Ya cire takalmi ƙafa ta sha iska, da ya zo mayarwa ta kumbura ta ƙi shiga. Barci kuwa, ina! Da ido ya fara rufewa sai na jikin taga ya taɓa shi zai wuce.

A damansa akwai wata hajiya mai safarar atamfa, wadda hanyar nan ta zame mata kamar ta gidan maƙwabta. Da jirgi ya fara sauka ta ga yana gwada agogonsa da tikitin jirgi na biyu, sai ta ce, "Malam, ka tura agogonka gaba awa uku. Lokacin da ke jikin takardar nan na ƙasar nan ne, ba na gida ba." Ransa ya ɓaci. Shi za a koya wa agogo? Ya ce mata ya san da zancen Larabawa sun riga mu lokaci, amma tikitin nan a Kano aka yanka shi, a gabansa, don haka lokacin Kano ne a jiki. Agogon nan kuma tunda ya ɗaura shi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Hajiya ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ja mayafinta.

Filin jirgin gari ne guda, ba farko ba ƙarshe. Ya lalubi masallaci ya yi salla, ya duba hannunsa ya ga lokaci na nan birjik, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa ya rama barcin da kujerar tsakiya ta hana shi. Ya kuma farka da wuri, don shi a rayuwarsa bai san latti ba. Ya take bayan takalmi, ya taka a tsanake har ƙofar jirginsa. Ba kowa. Kujeru wayam, sai wata ma'aikaciya tana tattara takardu. Ta karɓi tikitin, ta dube shi, ta ɗaga hannu sama ta kwatanta masa tashin jirgi. Ya miƙa mata agogonsa. Ta nuna masa na bango. Nan fa ya kama salati, bai san sa'ad da ya zauna a ƙasa daɓas ba. Wani jirgin sai washegari. Wayarsa ta mutu tun a hanya, lambar ɗan kuma tana cikinta. Kafin ya samu mai taimaka masa, an riga an shiga da matarsa ɗakin tiyata.

Da ya isa Indiya, ɗansa ne ya tare shi a ƙofar asibiti, ya kasa kallon idonsa. Ba ta farka daga aikin ba. Ya ce har aka tura gadonta ƙofa take kallo, kuma ta bar saƙo: "Ka gaya wa babanku na yafe masa duniya da lahira. Shi fa, ya yafe mini?" Tsohon nan ya buɗe baki zai amsa, babu wadda za ta ji.

Da ya koma Funtuwa, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gaisuwa. Yana zaune a kan tabarma, agogon na ɗaure a hannunsa, yana tafiya daidai, ko minti ɗaya bai ɓata ba. To, ka dai ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.