Sabuwar Buta a Bayan Mota

Eilif ya baza taswira a kan motarsa a ƙofar gidan Ravdna, yana nuna mata hanyar da za su bi daga Tromsø su je kallon hasken arewa.

"Har Kautokeino? Garinmu ne fa, Eilif. Tun ina goye nake ganin hasken nan."

"Na can ya fi kyau," ya ce, bai ɗago ba.

Ta buɗe bayan motar za ta saka jakarta. Tsakanin barguna da shebur ɗin kwashe ƙanƙara ta hango sabuwar buta da ƙullin gahawa. Ta tsaya cak. A wurin mutanenta Sami, mai neman aure izinin dafa gahawa yake roƙa a gidan iyayen yarinya. In an bar shi ya ɗora buta, an karɓe shi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kawunki. In Mamarki ta hana ni murhu fa?"

Ravdna ta gyara wa butar zama cikin bargo, a hankali.

"Mai kauri take so, kada ka tsinka ta. In ta hana ka, ni zan kunna maka wutar."